Kafin Ka Sayi Yadi, Ka Tambaya: Da Me Aka Yi Shi?



A hutun da ya wuce Umma ta saya mini yadi a kasuwa. Mai shagon ya rantse cewa auduga ce zalla. Ranar da na ɗora masa dutsen guga, sai hannun rigar ya narke ya manne kamar leda. Kuɗin yadi da na ɗinki duk suka tafi. Daga baya Yaya ya faɗa mini cewa sunan wannan yadi foliyesta, kuma daga ɗanyen man fetur ake yin zarensa. Shi ya sa yake riƙe zafi da gumi a bazara. Idan kuma ya tsufa aka jefar, ba ya ruɓewa da wuri, sai ya je ya toshe kwata tare da ledoji.

Ra'ayina shi ne, mu daina sayen tufafi don sheƙinsu kawai. Mu riƙa tambaya da me aka yi su.

Hanya ta farko ita ce duba 'yar takardar da ke wuyan riga. Idan an rubuta "100% cotton", ana nufin auduga ce zalla. Akwai kuma tambarin shaida da wasu kayan waje ke ɗauke da shi. OEKO-TEX Standard 100, wanda aka fara a 1992, yana nufin an gwada tufar an ga babu sinadarai masu cutar da jiki fiye da kima. Amma a kula, ba ya nufin auduga ce, domin foliyesta ma tana iya samunsa. Shi kuwa GOTS, sai idan aƙalla kashi 70 cikin 100 na zaren an noma shi ba da takin zamani ko maganin feshi na kanti ba. Tambari na gaskiya yana zuwa da lamba da za a iya bincikawa a intanet. Zanen koren ganye kawai ba shaida ba ne.

To, ga abin da ya fi ba ni mamaki. Kullum muna wucewa ta marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce an kafa ta tun 1498. A can, ganyen baba da toka ake jiƙawa cikin ruwa a rami, a bar su kwanaki har su nuna. Marini yana tsoma farin ƙyalle yana ɗagawa, iska tana mayar da shi shuɗi. Ba inji, ba hayaƙi. Abin da mutanen Turai ke biyan kuɗi mai yawa su samu, mu ga shi a ƙofar gidanmu, amma ramuka da yawa sun bushe saboda ƙarancin masu saye.

Wani zai ce, "Ai kayan marina sun fi tsada, kuma suna zuba." Gaskiya ne, sabon rini yakan bar shuɗi a jiki kafin a wanke shi. Amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Rigata mai araha ko wata guda ba ta yi ba. Kuma ban ce kowa sai ya sayi kayan marina ba. Ko kula da rigar da kake da ita, ka ɗinke ta idan ta yage, ka bar wa ƙanenka idan ta yi maka kaɗan, shi ma taimako ne.

Ina roƙon malamanmu su kai mu marinar mu gani da idonmu, tunda da ƙafa ma za mu je. Ku kuma 'yan'uwana, yau idan kun koma gida ku juya wuyan rigarku ku karanta. Idan lokacin kayan Sallah ya zo, ku faɗa wa iyayenku abin da kuka gani.

Daga wata ɗalibar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida