Ciwo Ɗan Aike Ne, Kada Mu Toshe Masa Baki



Ɗan'uwa, ka taɓa taka ƙaya a gona? Kafin ka ce "wayyo" ƙafa ta riga ta ɗage. Dalili kuwa, a cikin fata da nama da ƙashi akwai ƙananan bakunan jijiyoyi masu jin rauni. Su ke kai saƙo ga lakar da ke cikin ƙashin baya, ita kuma ta miƙa shi ga ƙwaƙwalwa, can ne ake jin zafin. Lakar ce ta janye ƙafarka tun saƙon bai isa sama ba. Jijiyoyin iri biyu ne: masu sauri su kawo suka nan take, masu jinkiri su biyo da zogi. A 2021 wani Ba'amurke, David Julius, ya sami kyautar Nobel don ya gano cewa ƙofar da ke jin zafin wuta a jijiya ita ce yajin barkono ke buɗewa.

Ashe ciwo gargaɗi ne. Dubi mai kuturta: cuta ta kashe masa jijiya, yana ƙonewa bai sani ba, har yatsu su lalace.

To, a nan nake da magana. Aliero ta yi suna wajen ɗori, daga nesa ake zuwa. Amma ko ina aka ɗora yaro, in zafi ya yi ta ƙaruwa, yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka daina ji, alama ce jini ba ya wucewa. Kada a ce masa "namiji ba ya kuka". A garzaya asibiti a ranar, jinkiri kan jawo yanke hannu.

Haka nan masu haɗiyar tiramadol don su jure aikin albasa ko dako a kasuwa. Ƙwayar ta rufe bakin ɗan aike, raunin yana nan, ga sabo ya shiga jiki. Irin wannan ɓarna ce ta sa gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018.

Haƙuri abu ne mai kyau, amma bai hana neman magani ba. Ɗalibi, in wani wuri yana maka ciwo, faɗa wa Inna ko Malam: ina ne, tun yaushe, suka ne ko zogi. Iyaye kuma ku saurara, don Allah.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.