Katin Agajin Mota: Ko Kwalliya Na Biyan Kuɗin Sabulu?

Yau zan ɗan jingine zancen littattafai, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san ba ni kaɗai ta shafa ba. Kwanan baya muna zaune a majalisarmu ta bayan Isha'i a nan Takur, sai wani maƙwabcina ya zaro wata takarda daga aljihu, ya ce talla aka kawo musu ofis. Wai ka biya kuɗi sau ɗaya a shekara, a ba ka kati da lambar waya, duk inda motarka ta mutu ka kira, a turo maka bakanike ko janwe. Ya dube ni ya ce, "Malam, kai da ka taɓa shiga irin wannan, me ka gani? In biya ko in riƙe kuɗina?" Amsar da na ba shi a daren ba ta ishe ni ba, shi ya sa na ga gara in zauna in warware ta a rubuce.

Bari in fara da abin da ya same ni, don kada a ce ina yanke hukunci a kan abin da ban ɗanɗana ba. A daminar 2024 muka taso daga Kano bayan la'asar, ni da maiɗakina da yara biyu da mahaifiyata, wadda muka kai ganin likita. Tafiyar kusan kilomita 100 ce, mun saba da ita kamar hanyar masallaci. Mun wuce Wudil lafiya, mun wuce Gaya, ana gab da magariba sai na ga allurar zafi ta haura, kafin in gama gangarawa gefen titi tururi ya turnuƙe gaban mota. Fanbel ya tsinke, lagireto ya tafasa. Ga hadari ya haɗo daga gabas, ga tsohuwa ba lafiya. Amma hankalina bai tashi sosai ba, domin kuwa akwai katin nan a aljihuna, wanda na biya kuɗinsa wata bakwai da suka wuce ban taɓa taɓa shi ba.

Na kira. Wata baiwar Allah ta ɗauka cikin ladabi, da Turanci, ta tambaye ni ina nake. Na ce tsakanin Gaya da Dutse. Ta ce, wace Dutse, Dutsen Alhaji ta Abuja? Daga nan jikina ya fara ba ni. Bayan an yi ta haɗa ni da wannan da wancan, ƙarshen zance dai shi ne janwen da suke hulɗa da shi yana Kano, direbansa ya tashi aiki, sai gobe da safe. Kuma ko goben, akwai iyakar nisan da za a ja ni kyauta, abin da ya haura ni zan biya. Wannan sharaɗi yana nan rubuce a takardar da na sa wa hannu, ni ne ban karanta ba. Laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Wanda ya fitar da mu a daren nan wani dattijo ne da ya taso daga gona a kan babur. Ya tsaya ya yi sallama, ya leƙa ya ga tsohuwa, ya ce, "Alhaji, kada a bar Hajiya a nan ruwa ya sauko." Ya koma cikin gari ya ɗauko wani yaro bakanike da tsohon fanbel a hannu da jarkar ruwa. Da hasken tocilan waya aka ɗaura. Na ba yaron haƙƙinsa, dattijon kuwa ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, ya ce in dai yi masa addu'a. Muka lallaɓa muka iso Takur wajen ƙarfe goma.

To, mai karatu zai ce ai magana ta ƙare, katin banza ne, jama'a su ne agaji. Ni ma haka na yi ta faɗa har tsawon watanni. Daga baya da na huce na sake tunani, sai na ga wannan hukuncin ma akwai gyara a cikinsa.

Shi wannan tsari ba yaudara ba ne a asalinsa. A Amurka an kafa ƙungiyar AAA a 1902, a Jamus aka kafa wadda ake kira ADAC yanzu a 1903, a Ingila kuma aka kafa AA a 1905. Abin dariya ma, ita ta Ingila ta fara ne da tura mutane a kan kekuna suna gargaɗin direbobi cewa ga 'yan sanda can sun ɗana tarkon masu gudu, sai daga baya aikin ya koma taimakon wanda motarsa ta lalace. Abin lura shi ne dukkansu sun faro ne a matsayin ƙungiyoyin masu ababen hawa da suka haɗa kai, ba wani ne ya zo daga nesa ya sayar musu da kati ba. Yau ADAC tana da mambobi sama da miliyan 20, AAA kuma sama da miliyan 60. Idan mutane masu yawa haka suka zuba kuɗi wuri guda, ana iya ajiye mota da bakanike a kusan kowane gari, don haka duk inda ka tsaya akwai wani kusa da kai. Ashe ke nan abin da mutum yake saye da kuɗinsa shi ne kusanci. Kamfanin da ke da mambobi dubbai a Legas da Abuja, amma a Dutse bai fi a ƙirga su da yatsu ba, ba zai ajiye janwe a Shuwarin ko Kwanar Huguma saboda ni da maƙwabcina ba. Ko ni ne mai kamfanin ba zan yi ba.

Akwai kuma ruɗanin da ya kamata a kawar. Da yawa daga cikinmu muna zaton takardar inshorar da ke cikin mota ta ɗauke mana wannan nauyi. Ƙaramar inshorar nan ta dole, wadda hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga N5,000 zuwa N15,000 ga motar gida tun 1 ga Janairu 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, har zuwa Naira miliyan 3 a kan dukiya. Ba ruwanta da fanbel ɗinka. Babbar inshora ce wasu kamfanoni ke haɗa mata kuɗin janwe, shi ma da iyaka, kuma sau da yawa sai an yi haɗari, ba lalacewar inji kawai ba. Haka nan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, tana da lambar gaggawa ta 122, kuma ya kamata kowane direba ya haddace ta. Sai dai aikinsu ceton rai ne da kawar da abin da ya tare hanya. Ba a kafa su don su kai maka mota garejin bakanikenka ba.

Saura dogaro da mutanen kirki, irin dattijon da ya taimake mu. Alhamdu lillahi, har yanzu ƙasarmu ba ta rasa irinsu ba. Amma mu gaya wa kanmu gaskiya. Yau direba nawa ne zai ga mutum yana ɗaga hannu a daji da dare ya taka birki? Tsoro ya shiga zukata, kuma ba za ka zargi kowa ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wanda zai ɗauki babur ya yi maka zirga-zirga kyauta ma sai ya yi lissafi. Sannan motocin sun canza. Tsohuwar Fijo ko Golf, da waya da filaya yaro zai tayar maka da ita. Motocin yanzu masu ƙwaƙwalwa, in sun ƙi tashi sai an jona musu kwamfuta, kuma mai giyar otomatik in aka ɗaura mata igiya aka ja ta nisa, giyar ce za ta tafi, ka fita daga ƙaramar asara ka faɗa babba. Ga kuma mata da ke tuƙa kansu zuwa aiki a Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu, waɗanda tsayuwa a gefen hanya ta fi yi musu nauyi fiye da mu. Saboda haka buƙatar agajin tana nan, ƙaruwa ma take yi.

Ga abin da nake gani. In kai mai yawan bin hanyar Kano zuwa Kaduna da Abuja ne, ko kana zuwa Kudu, katin zai iya yi maka rana, domin jan mota sau ɗaya a irin wannan nisa na iya cinye abin da ya fi kuɗin shekara. Amma kafin ka biya, ka tsare mai tallan da tambayoyi. Ina janwenku mafi kusa da Dutse yake kwana? Naku ne ko na haya? Kuna fita da dare? Kilomita nawa ne kyauta, kuma sau nawa a shekara? In na biya wani ya ja ni, za ku mayar mini da kuɗina? Ka ce a nuna maka amsoshin a rubuce. Ka kuma kira lambar tasu da ƙarfe tara na dare tun kafin ka shiga, ka ji ko akwai mai ɗauka. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma fa sai ka san irin askin da aka yi alkawari. In kuwa zirga-zirgarka ba ta wuce Takur zuwa sakatariya, sai Kano sau ɗaya a wata, to ni dai a ganina kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Gara ka sa kuɗin a sabis kan lokaci, da safaya mai iska, da jak, da fanbel na ajiya, da jarkar ruwa a but. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya fi wannan duka, kuma shi ne dalilin wannan rubutu, me zai hana mu yi namu? Mu da muka gaji gayya da adashi ba sai an koya mana haɗa kai ba. Direbobin haya na tasha suna da ƙungiya, suna biyan kuɗinta, kuma in motar ɗayansu ta mutu a hanya ya san wanda zai kira. Mu masu motocin gida ne kowa tasa ta fishshe shi. A ce mu 50 ne a unguwa ko a ma'aikata ɗaya, kowa ya zuba N2,000 a wata, N100,000 ke nan duk wata, N1,200,000 a shekara. A yi yarjejeniya a rubuce da bakanike biyu da mai lantarkin mota ɗaya da mai janwe ɗaya a nan Dutse, a kan cewa in aka kira su za su fito, dare ko rana, iyakar Wudil ta yamma, Birnin Kudu ta kudu, Jahun ta arewa. Asusu ya biya kuɗin fitowa da na ja, mai mota ya sayi kayan gyaransa. Abin da ya rage a ƙarshen shekara a raba ko a tura gaba, kamar yadda ake yi a tsarin takaful.

Na san abin da za a ce: amana. Wa zai riƙe kuɗin? Me za a yi da mai tsohuwar motar da kullum tana hanya, ya cinye rabon kowa? Tambayoyi ne na gaskiya, kuma adashi da yawa ya watse a kansu. Maganinsu dai sananne ne, a buɗe asusu a banki da sa hannun mutum uku, a karanta lissafi duk wata a gaban kowa, a ƙayyade sau nawa mutum zai amfana a shekara. Ko ba komai, wanda ya riƙe kuɗin kana haɗuwa da shi a masallaci da wajen ɗaurin aure, kuma in ka ce masa kana bayan Gaya ba zai tambaye ka ko ta Abuja ba ce.

Maƙwabcin nawa dai ya mayar da takardarsa aljihu, ya ce zai je ya yi wa mai tallan tambayoyin nan. Ni kuma na ɗauki alkawarin kawo maganar asusu a majalisa ranar Juma'a, mun riga mun samu mutum tara. Dattijon nan na hanyar Gaya kuwa, har yau ban san sunansa ba, amma mahaifiyata ba ta fasa sa shi a addu'a ba.

Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya kai kowa gidansa lafiya. Wassalam.