Ra'ayinmu: A Ba Kakuri Wuta Tukuna

Jama'a, masaƙa ce ta raya Kakuri. Tun da aka buɗe Kaduna Textiles a 1957, zamanin Sardauna, wasu masaƙu suka biyo baya, unguwar ta cika da ma'aikata daga kowane lardi. In aka tashi aiki sai kekuna su toshe hanya, mai shayi da mai tuwo kowa na samu.

A 2002 masaƙar ta rufe. Ƙarancin lantarki da atamfar fasa-ƙwauri suka durƙusar da sauran. Wasunku masu gadi da dako a Ikko 'ya'yan ma'aikatan nan ne.

Muna kira ga Gwamnati, kafin a sake yi mana alkawarin farfaɗo da masaƙu, a ba Kakuri wuta, a tsare kan iyaka.