Sauri Ya Haifi Nawa

A shekarar 1982 kamfanin Atari na Amurka ya ba Howard Scott Warshaw kimanin mako biyar ya tsara wasan talabijin na E.T., don kada cinikin Kirsimeti ya wuce. Aka cika gari da talla. Da yara suka kunna, sai ɗan dodon ya dinga faɗawa rami, fita sai da ƙyar. Iyaye suka yi ta mayar da kayan kanti.

A 1983 kasuwar ta karye, Atari ya binne kwantan kayansa a Alamogordo, aka tono su a 2014. Nintendo na Japan, da Super Mario Bros na 1985, shi ya gaje kasuwar.

Talla kan jawo mai saye sau ɗaya, amma daɗin wasa ke dawo da shi.