Kafin a sayi kat-kat mai amfani da gas a Madawa, Buza da Keita

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Madawa ta ratsa Buza da Keita zuwa Tawa ya san dalilin da ya sa mutanen yankin suke son kat-kat. Ƙasar Adar ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai, kuma da damina ta kankama ƙoramu kan yanke hanyoyin ƙauyuka, ƙaramar mota ba ta kai labari. Mai sayen albasa a fadamar Tarka da mai jigilar mutane ranar kasuwa, kowa buƙatarsa mota mai ja da ƙafa huɗu. Matsalar ita ce irin waɗannan motoci, musamman tsofaffin Land Cruiser da Hilux masu amfani da fetur, shan mai ne da su. Shi ya sa idan dillali ya ce "wannan an mayar da ita gas", sai mai saye ya ji kamar ya yi tsuntuwa.

Ta fuskar lissafi, dillalin bai yi ƙarya ba. Tun watan Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta rage litar fetur daga sefa 540 zuwa 499. Tukunyar gas ta kilo 12.5 kuwa farashin da hukuma ta daɗe da ƙayyade mata sefa 3,750 ne, wato sefa 300 kowane kilo. Kilo ɗaya na gas yana yin aikin kusan lita ɗaya da rabi na fetur, ke nan abin da za a kashe a gas bai kai rabin na fetur ba. Ga shi kuma man bumburutu da ake shigowa da shi ta wajen Bangi da Ƙonni ya daina araha tun da shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023. Masu noman rani sun riga kowa gane wannan, da yawansu sun mayar da injinan ban ruwa zuwa gas.

Sai dai injin ban ruwa a fili yake zaune, iska na kaɗa shi. Mota kuwa ɗaki ce rufaffe, mai ɗauke da mutum goma ko fiye, tana tsalle a kan duwatsu cikin zafin watan Afrilu.

Tambayar farko da ya kamata mai saye ya yi ita ce: wane gas? Kalmar ɗaya ce, amma abu biyu ne. Motocin da ake juyawa a Najeriya ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na CNG suna amfani ne da iskar gas da ake matsewa da ƙarfin da ya kai ba 200, a cikin tukunya mai kaurin gaske. Wanda matatar SORAZ ta Damagaram take fitarwa tun buɗe ta a 2011 gas ɗin girki ne, LPG, wanda matsinsa bai kai ko kusa da haka ba. Ba a zuba wannan a madadin wancan. Wanda ya tsallaka Sakkwato ko Kano ya sayo motar CNG ya kawo ta Buza, ya sayi ƙarfe ne mai nauyi da ya cinye masa wurin kaya, domin gidajen man yankin ba sa sayar da CNG. A fetur zai ci gaba da tafiya, da ƙarin nauyi a baya.

Idan kuma LPG ce, to nan ma kashi biyu ne. Akwai motar da aka juya tun a Turai, a ƙasashe irin su Beljiyam, Italiya ko Poland, kafin a loda ta a jirgin ruwa. Irin wannan tana da tanki na musamman da aka ɗaure da ƙarfe a jikin mota, da bawul da ke tsayar da ɗuri idan ya kai kashi 80 cikin 100 don gas ya samu wurin kumbura idan rana ta yi zafi, da wani da ke yanke gas da zarar an kashe inji. A jikin tankin akwai shekarar da aka ƙera shi. A ƙasashen Turai da dama, tanki in ya shekara 10 sai an sake gwada shi ko a canja. Motar da ta iso Nijar bayan ta gama yayinta a can, mai yiwuwa tankinta ya wuce wannan wa'adi. Duba wannan lamba ba ya cin ko minti biyar, sai dai dole mutum ya durƙusa ya leƙa.

Kashi na biyu shi ne aikin gareji: tukunyar girki a bayan kujera, an ɗaure ta da igiya ko tsohuwar roba, tiyo ya bi ta ƙarƙashin ƙafafun fasinja. Wannan ce ya kamata a guje wa, komai arharta. Ba a ƙera tukunyar girki don girgizar hanya ba, kuma ba ta da abin da zai yanke gas idan tiyo ya tsinke. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasan mota yake kwanciya, inda taba sigari ko tartsatsin waya ya ishe shi. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a wani gidan CNG a birnin Benin na jihar Edo, mutane suka jikkata, aka kuma gano cewa tukunyar da ke cikinta ƙirar masu walda ce. Gas ɗin daban ne, amma silar ita ce dai aikin da babu wanda ya duba.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Gas busasshe ne, yana cin mazaunin bawul na wasu injina sannu a hankali. Injin da ya daɗe a gas ba tare da ana gyara tazarar bawul ba zai iya tashi lafiya a gaban dillali, ya kasa hawan tudu da buhunan albasa. Mai saye ya zo da bakanikensa, a auna matsin kowace silinda, a tayar da motar da sanyin safiya, a gwada ta a fetur da gas duka biyun. Da yawa famfon fetur ɗinsu ya mutu saboda an daina amfani da shi, kuma ranar da gas ya yanke a kasuwa ne ake ganewa. Babbar tukunya ɗaya kusan kilomita 100 take kai irin waɗannan motoci a hanya maras kyau. A kuma duba katin mota: idan fetur aka rubuta alhali gas take sha, kamfanin inshora ya samu hujjar ja da baya ranar haɗari.

Wani ɓangaren kuma bai shafi mai mota shi kaɗai ba. An ƙayyade farashin gas ɗin girki ne don mata su rage dafa abinci da itace. Mutanen Keita sun fi kowa sanin darajar wannan, tunda su ne, galibi mata, suka yi aikin farfaɗo da ƙasa na shirin Keita da Italiya da hukumar FAO suka fara a 1984, aka dasa miliyoyin itatuwa. Kat-kat ɗaya mai zirga-zirgar kasuwanni za ta iya ƙona a rana guda gas ɗin da gida zai yi makonni yana girki da shi. Idan motoci suka yawaita a layin masu sayar da tukunya, uwargida ce za ta koma wa gatari.

Hani da baki ba zai yi tasiri ba muddin tazarar farashin tana nan. Abin da ya rage wa ma'aikatun sufuri da kasuwanci da kamfanin SONIDEP shi ne su ware gas ɗin mota da farashinsa da famfonsa a gidajen mai, su ba wasu garejoji lasisi a Tawa da Madawa, su kuma sa duba tanki cikin binciken lafiyar mota. Kafin a kai nan, ƙungiyoyin direbobi a tashoshin Madawa, Buza da Keita suna da ikon hana lodin fasinja a duk motar da aka ga tukunyar girki a cikinta.