ZOGALE YANA SHINGENMU, ILMINSA YANA KULLE A OFIS

Jama'a, kowace shekara daga Maris zuwa Mayu, in zafi ya kai awo 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, akwai wata asara da talaka ke yi wadda ba mu jin manya suna kuka a kanta. Asarar kaji ce, kajin nan na gidan gona da ake kira burola, waɗanda matan aure da samari ke zuba ɗan jarinsu a kai don su sayar bayan mako 6 ko 7. Ga shi kuwa Ƙaramar Salla ta faɗo cikin bazara a 2024 da 2025, watau lokacin da kasuwar kaji ke ci shi ne lokacin da suke mutuwa.

Dalilin a fili yake. Kaza ba ta gumi kamar mutum, sai dai ta buɗe baki ta yi ta haki, ta saki fukafukai. Burola kuwa iri ce mai saurin girma da nauyin jiki, in ta yi ƙwari ba ta son zafi ya wuce wajen awo 24. Da ya tsananta sai ta rage cin abinci, ta daina ƙiba, jikinta ya kasa tare cuta. Manyan cikinsu, waɗanda aka fi sa wa rai, su ne ke fara faɗuwa.

To, me ake gaya wa mai kaji? A ce ya je kanti ya sayo ƙullin bitamin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, yawancinsu daga ƙetare, alhali tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023... 

Kai, kowa ya ji a jikinsa: masara ta tashi, waken soya ya tashi, magani ya tashi. Tarayyar Turai ma tun 2006 ta hana zuba irin maganin nan cikin abincin dabbobi don neman ƙiba.

Ashe kuwa wani sashe na taimakon yana wurinmu. Masana sun gwada ganyen zogale da tafarnuwa da citta da kurkur cikin abincin kaji, a nan ƙasar da wasu ƙasashe, sun ga ɗan kaɗan daga cikinsu yana iya taimakon kaza ta jure zafi. Garin ƙwalba na 'ya'yan kuka cike yake da bitamin C, abin da jikin kaza ke ƙara bukata in ta galabaita. Duk cikinsu babu wanda ba a aunawa a kasuwanninmu.

Amma fa a yi hattara. Zogale in ya yi yawa yana rage girman kaza maimakon ya ƙara, kuma a inuwa ake shanya shi, ba a rana ba. Ba ya kuma maye gurbin rigakafi, ko ruwa mai sanyi, ko rage cunkoso a keji. Nan ne maganarmu take. Cokali nawa a mudu? Mudu nawa a buhu? Daga wane mako za a fara? Mace mai kaji 50 a tsakar gida ba ta da mai gaya mata, sai 'yan tallar gari a leda, kowa da awonsa.

Haba Gwamnati! Ga cibiyar binciken dabbobi a Vom tun 1924, ga ta Shika ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, duk da kuɗin jama'a aka gina su. Masanan cikinsu ba mu ga laifinsu ba. Laifin na masu mulki ne da suka bar sakamakon bincike cikin Turanci, suka bar malamin gona ɗaya da manoma dubbai. Mai babbar gona yana da likitansa da janaretansa, shi ba ruwansa.

Abin da muke nema ba shi da tsada. A buga awon da Hausa, da mudu da cokali, a karanta a rediyo tun watan Fabrairu, a tura malaman gona kasuwannin kaji ranar da suke ci. Kafin nan, 'yan'uwa, ku ba kajinku abinci da sassafe da yamma, ku riƙa sake musu ruwa da tsakar rana, ku shimfiɗa ciyawa bisa kwanon kejin. Wakilanku kuma in sun zo neman ƙuri'a, ku tambaye su ina malamin gonar gundumarku yake.