Masu cewa Milwaukee ce ta fi kowa asara a kasuwar NBA ta 2025, ku zo mu yi lissafi

Jama'a, tun da aka buɗe kasuwar 'yan wasan NBA ranar 30 ga Yuni nake ta karanta maganganunku, kuma kusan duk bakinku ɗaya: wai Milwaukee Bucks ce ta fi kowace ƙungiya yin aika-aika a wannan bazarar ta 2025. Na yi shiru har ƙura ta ɗan lafa, yau dai zan faɗi tawa. A wajena ƙungiyar da ta fi kowa cutar kanta da magoya bayanta ita ce Indiana Pacers, kuma rowa ce ta ja mata. Wanda bai yarda ba ya daure ya karanta har ƙarshe kafin ya zo mini da zagi.

Ku tuna daren 22 ga Yuni. Mu nan ƙarfe ɗaya na dare aka fara wasan, wasa na bakwai na neman kofi tsakanin Indiana da Oklahoma City Thunder. Na hana idona barci, waya a hannu, data tana ta zuba. Ba a ma gama zangon farko ba Tyrese Haliburton ya faɗi, jijiyar agararsa ta tsinke, yana dukan ƙasa da hannu. Aka tashi 103 da 91, kofi ya tafi Oklahoma. Rabon Indiana da zuwa wannan matakin tun shekarar 2000, kuma har yau ba ta taɓa ɗaukar kofin NBA ba. Wasa ɗaya tak ya raba su da shi.

To me ake tsammani daga ƙungiyar da ta kai nan? Ai ko yaro ya san amsar: ka riƙe mutanenka, ka jira jagoranka ya warke, ka sake dawowa. Amma kwana tara kacal bayan wancan daren sai ga labari cewa Myles Turner ya koma Milwaukee, shekara 4 a kan kusan dala miliyan 107. Turner fa, wanda Indiana ta ɗauka da kanta a 2015, ya yi mata shekara 10 cur, babu wanda ya kai shi tare ƙwallo a bakin kwando a duk tarihin ƙungiyar, sau biyu yana zama na ɗaya a duk gasar a wannan fannin. Ga tsawo, ga iya jefa ta maki uku, irin dogon da ke buɗe wa Haliburton da Pascal Siakam hanya su kutsa. Ya tafi, Indiana ba ta samu ko sisi a madadinsa ba, ba ɗan wasa, ba gurbin zaɓen sababbin 'yan wasa. Kuma wa ya ɗauke shi? Maƙwabciyarsu ta rukuni ɗaya, wadda suka fitar a zagayen farko shekara biyu a jere.

Ga waɗanda ba su saba da tsarin ba: a NBA akwai iyakar kuɗin albashi, in ƙungiya ta haura wani layi sai ta biya harajin wuce iyaka. A 2025 layin yana wajen dala miliyan 188. Wani kaso na abin da masu haurawa suka biya kuma ana raba wa waɗanda ba su haura ba. Indiana ta yi kusan shekara 20 ba ta biya wannan harajin ba, tana gefe tana karɓar rabo. Shugabanninta sun fito daga baya suna cewa ai da a shirye suke su biya. Haba! Wanda yake shirye ba ya bari mutumin gidansa na shekara 10 ya kai ga sauraron tayin maƙwabta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Suna da damar su ba shi fiye da abin da kowace ƙungiya za ta iya ba shi, suka tsaya ciniki kamar masu sayen tumatir da yamma.

Na san abin da za ku ce, don wasunku sun riga sun faɗa mini. Za ku ce Turner bai taɓuka abin kirki ba a wasannin ƙarshe da Oklahoma. Gaskiya ne, hannunsa ya yi sanyi, ban musa ba. Za ku ce Haliburton ba zai buga ko wasa ɗaya a kakar 2025/26 ba, don haka me ya sa za a biya haraji a shekarar da ba a sa ran kofi? Wannan ita ce hujjarku mafi ƙarfi, kuma ga amsata. Kwantiragin shekara 4 ake magana, Haliburton kuwa shekara ɗaya zai yi a waje. In ya dawo a 2026, wa zai tarar a ƙarƙashin kwando? Jay Huff da aka kwaso daga Memphis, sai Isaiah Jackson da James Wiseman, waɗanda su biyun duk agararsu ta tsinke a farkon kakar 2024/25. Siakam kuwa, ɗan Kamarun nan da ya zama gwarzon wasannin ƙarshe na yankin Gabas, ya haura shekara 31, lokaci ba zai tsaya jiransa ba. Ko da a ce ba ku son Turner ɗin, ai sai ku sa masa hannu, in ta kama ku yi musayarsa daga baya ku samu wani abu. Araha dai ba ta ado.

Yanzu mu zo kan Milwaukee ɗin da kuke ta jifa. Ba wanke su zan yi ba. Sun sallami Damian Lillard alhali yana bin su kusan dala miliyan 113, suka raba bashin shekara 5. Wato duk shekara sama da miliyan 22 za su riƙa fita daga lissafin albashinsu zuwa aljihun mutumin da ya riga ya koma Portland. Wannan ciwo ne, kuma zai daɗe yana yi musu zafi. Ku ƙara da cewa don su samo Lillard ɗin ne a 2023 suka ba da Jrue Holiday, shi kuma ya zarce Boston ya ɗauki kofi a 2024. Amma ku dubi halin da suke ciki. A bazarar 2025 Lillard yana da shekara 35, agararsa ta tsinke a watan Afrilu, a wasa da Indiana ɗin ma. Brook Lopez ya tsufa, ya tafi Clippers. Giannis Antetokounmpo, ɗan gidanmu da iyayensa suka tashi daga Najeriya aka haife shi a Girka, shekararsa 30 a lokacin, rabonsa da kofi tun 2021, sau uku a jere ana fitar da shi a zagayen farko. In suka zauna suka naɗe hannu, ai gobe da safe zai ce a sallame shi. Caca suka yi, mai yiwuwa ta ƙone su, amma sun yi ta ne don su riƙe gwarzonsu. Ni kam na fi ganin girman wanda ya yi asara garin neman nasara a kan wanda ya ƙulle jaka yana taku ɗaya da kofi.

In ma laifin ɓarnar kuɗi kuke nema, me ya sa kuka tsallake Phoenix Suns? Su ne na biyu a jerina. A 2023 sun ba da Mikal Bridges da Cam Johnson da guraben zagayen farko har 4 don su samo Kevin Durant. A kakar 2024/25 su ne suka fi kowa kashe kuɗin albashi, suka ƙare da nasara 36 da rashin nasara 46, ko wasannin share fagen shiga zagayen kofi ba su samu ba. A 2025 sun miƙa Durant ga Houston, suka karɓi Jalen Green da Dillon Brooks da gurbi na 10, wanda ya kawo musu Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu. Sannan suka sallami Bradley Beal, su ma za su yi shekara 5 suna biyan kusan miliyan 19 duk shekara ga wanda ya koma Clippers. Abin da ya sa ban sa su na ɗaya ba shi ne gidan nasu ya riga ya rushe tun kafin kasuwa ta buɗe, share ɓaraguzai kawai suka zo yi.

Boston kuwa ina yi musu uzuri kaɗan. Jayson Tatum ya ji irin wannan ciwon na agara a watan Mayu, suka rabu da Holiday da Kristaps Porzingis, Luke Kornet ma ya tafi San Antonio. Amma su sun biya haraji mai nauyi, sun ɗauki kofi na 18, sannan dokar shinge na biyu ta matse su, wadda ke ɗaure wa ƙungiya hannu wajen musayar 'yan wasa in albashinta ya haura wani layi, wanda a 2025 yake wajen miliyan 208. Sun ci, sun biya, yanzu suna rage kaya. Indiana fa me ta ci da har za ta fara rage kaya?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne saƙon da wannan ya aika wa duk ɗan wasan da zai yi tunanin zuwa Indiana. Ƙaramin gari ne, manyan taurari ba sa rububin zuwa can kamar Los Angeles ko Miami. Jarinsu ɗaya shi ne su raini nasu su riƙe su. Ga mutum ya zauna shekara 10, kusan kowace shekara ana yaɗa jita-jitar za a sayar da shi, bai taɓa tayar da hankalin ƙungiyar ba, ya raka ku har wasa na bakwai, ranar biyansa ta zo kuka fara ƙirga kwabbai. A lokacin Andrew Nembhard da Aaron Nesmith da Bennedict Mathurin duk suna kallo, kuma nasu lokacin yana zuwa.

Jerina ke nan: Indiana ta ɗaya, Phoenix ta biyu, Milwaukee ta uku. Ku ajiye wannan rubutun, in kaka ta ƙare na yi kuskure ku dawo ku tuna mini, ba zan goge ba. Amma duk wanda zai ce Milwaukee ce ta ɗaya, ya fara gaya mini wa zai tsaya wa Indiana a ƙarƙashin kwando ranar da Giannis ya taho da gudu, Turner kuma yana gefe yana jiran a miƙo masa ya jefa ta uku. Ina jiran ku a ƙasa.